Kyanwa ta ƙi bahon rairai ta koma kan darduma da katifa: ina mafita?

Hadiza Maman Nana:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da wata matsala a gida wadda ta fara shiga tsakanina da maigidana, shi ya sa na zo neman shawararku. Muna zaune a unguwar Bukoki ta Yamai, kuma muna da kyanwa mace da muka raina tun tana ƙarama saboda ɓerayen da suka addabe mu a ɗakin ajiyar hatsi. Tun da ta zo ba mu sake ganin buhun da aka huda ba, kuma ba ta taɓa ɓata mana ɗaki ba, domin akwai wani lungu mai rairai a bayan ɗakin girki inda take zuwa ta tona, ta yi abin da za ta yi, ta rufe. Kafin saukar damina maigida ya sa aka yi wa tsakar gidan daɓen siminti gaba ɗaya saboda taɓo da ruwan da ke kwanciya, ni kuma na samo wata ƴar roba na zuba mata rairai na ajiye a makewayi. Da farko ta riƙa shiga, daga baya ta daina. Yanzu sai in tarar da jiƙa a kan tulin wankin da na kwaso daga igiya, ko a gefen katifar yara, shekaranjiya kuwa a kan dardumar maigida ta yi. Ya shimfiɗa ta da asuba cikin duhu, goshinsa na kaiwa ƙasa zarni ya buge shi, dole ya katse sallar, ya wanke fuska, ya sauya riga, ya sake daga farko. Ya ce ko dai in san yadda zan yi da ita, ko kuwa a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Ban ga laifinsa ba, amma zuciyata ba ta yarda a yar da dabbar da ta saba da mu ba. Na wanke wuraren da Omo da jabel, wato ruwan bilic na wanki, sai ya zama kamar ƙara kiranta nake yi. Don Allah wanda ya san kan abin ya taimake ni.

Lawali:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ina bayan maigidanki a wannan magana. Gidan da ake salla a cikinsa, ga yara ƙanana suna rarrafe, ba wurin da za a tsaya lallashin dabba ba ne. Abin da muka taso muka ga ana yi shi ne a kama ta, a goga hancinta a wurin da ta ɓata, a ɗan tsula mata tsumagiya, daga nan sai ta kiyaye. Idan an yi haka ba ta daina ba, to halinta ne ya lalace, sai a rabu da ita a samo wata, tun da ƴaƴan kyanwa kyauta ake bayar da su a kowace unguwa.

Balkisa:
Yaya Lawali, ka yi haƙuri, ban yarda da wannan shawara ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma dabbar da ta daɗe tana tsabtace kanta ba za ta wayi gari kawai ta lalace ba. Na ga gidan da aka bi hanyar duka, abin da aka samu shi ne kyanwar ta daina yi a sarari ta koma ƙarƙashin gado da bayan kabad, inda ba wanda zai gani sai wari ya cika ɗakin. Ita kuma sabuwar da za a samo, ai a kan simintin nan ɗaya za ta sauka, a ce an rabu da Bukar an haifi Habu.

Dokta Isuhu:
Assalamu alaikum. Maman Nana, sannu da haƙuri. Aikina duba dabbobi ne, kuma wannan ƙorafi yana cikin waɗanda masu kyanwa suka fi kawo mana, saboda haka ku yi mini izini in ɗan tsawaita.

Kyanwar gida ta samo asali daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda dabbar busasshiyar ƙasa ce, kuma halittarta ce ta nemi ƙasa mai laushi ta tona ta rufe ƙazantarta. Ɗan kyanwa mai mako 3 zuwa 4 da haihuwa yakan fara yin haka ba tare da wani mutum ya koya masa ba. Idan har ta bar wannan ɗabi'a, akwai abin da ya kore ta, kuma abu na farko da muke zargi shi ne ciwo. Kumburin mafitsara, ko ƙananan tsakuwoyi a hanyar fitsari, sukan sa ta ji zafi a lokacin da take tsugune, sai ta ɗauka wurin ne yake cutar da ita, ta guje shi ta nemi wuri mai taushi ko mai sanyi. A tsofaffin kyanwoyi kuma ciwon ƙoda da ciwon suga sukan sa fitsari ya yi yawa har ta kasa riƙewa, ciwon gaɓoɓi kuma ya hana ta haura baho mai tsawon baki. Idan ciwo ne, babu gyaran baho da zai yi amfani, don haka nake fara tambaya kafin in ba da shawara.

Ki lura mini da kyau: tsugunawa take yi ta zubar da fitsari mai yawa a kan abin da ke shimfiɗe, ko kuwa a tsaye take juya wa bango ko labule baya, wutsiya a miƙe tana karkarwa, ta fesa ɗan kaɗan? Na biyun shata iyaka ne, kuma maganinsa daban. Tana yawan zuwa tana yin ɗigo-ɗigo, ko tana kuka in za ta yi, ko tana yawan lasar gabanta? Akwai alamar jini? Idan kin danna farin tsumma a kan wurin yana jiƙe za ki gane. Shan ruwanta ya ƙaru? Sannan ki faɗa mini girman robar, da inda take a cikin makewayin, da yadda ake kwashe ta.

Game da duka kuwa, Malam Lawali, kyanwa ba ta haɗa tsumagiyar da aka yi mata yanzu da fitsarin da ta yi ɗazu. Abin da take koya kawai shi ne tsoron mai dukan, alhali tsoro da takura suna cikin abubuwan da ke tayar da kumburin mafitsara a jikin kyanwa, wato dukan da aka yi da nufin gyara yana iya jawo ciwon da zai ƙara ɓata lamarin.

Hadiza Maman Nana:
Na gode, Dokta, Allah ya saka da alheri. Tsugunawa take yi, kuma fitsarin yana da yawa, ban ga jini ba, ban kuma ji tana kuka ba. Tana cin abincinta tana wasa kamar kullum, shekarunta ba su wuce uku ba. Robar ƙarama ce irin ta wanke shinkafa, in ta shiga da ƙyar take juyawa. Tana kusa da inda muke wanka, ruwa yakan fantsala ciki, don haka rairan kusan kullum a dame yake. Ƙofar makewayin kuma mukan ja ta saboda yara. Ranar Juma'a nake zubar da rairan in sake sabo.

Hajiya Salamatu:
Ƴata Hadiza, ai kin ba da amsar da bakinki. Ke kanki idan kin matsu, kika tarar da masai a rufe, in kuma an buɗe ki same shi a jiƙe da ƙazantar mako guda, za ki nemi wani wuri ne. Ni a Tawa na girma, cikin gidan laka mai faɗin tsakar gida, kyanwoyi suna shiga rumbu suna fita, kuma ban taɓa jin an ce wata ta ɓata shimfiɗa ba, saboda ko'ina ta juya akwai busasshen rairai. Sai da na dawo Yamai wurin ɗiyata a Yantala, gidan da aka malale da karo, wato tayil, tun daga ƙofa har ɗakin girki, na san cewa wannan ma matsala ce.

Ga yadda muka yi. Na sa aka sayo babban bahon wanki a kasuwar Katako, aka yanke bakinsa ta gefe ɗaya ya yi ƙasa don shiga ta yi sauƙi. Rairan da muke zubawa mai laushi ne, ba yashin gini mai tsakuwa ba, kuma sai na tankaɗe shi da tsohuwar rariya, na baza shi a rana ya gasu, kafin in zuba kamar kaurin yatsa uku. Na ajiye tsohon ludayin roba a gefe wanda ba a yin komai da shi sai wannan aiki, safe da maraice ina kwashe kashin da dunƙulen da ya jiƙe in ƙulle a leda. Bahon yana ƙarƙashin rumfa, inda ruwan sama ba ya kaiwa kuma yara ba sa guje-guje, nesa da kwanon abincinta, domin kyanwa ba ta yarda ta yi bahaya kusa da inda take ci. Rairai ba ya riƙe wari, saboda haka kada ki jira Juma'a. Da zarar kin ji ya fara tashi ki juye duka, ki wanke bahon da sabulu marar ƙamshi, ki kife shi a rana.

Dokta Isuhu:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kun faɗi mafi yawan abin da zan faɗa. Zan ƙara ma'auni kawai. Tsawon baho ya kai tsawon jikin kyanwar sau ɗaya da rabi, zurfin rairai kuma santimita 3 zuwa 5. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce baho ɗaya ga kowace kyanwa, a ƙara ɗaya a kai, kuma a raba musu wuri, kada a jera su a lungu guda. Maman Nana, ki yi biyu, ɗaya a rumfa, ɗaya kusa da ɗakin da ta fi ɓatawa.

Kada kowa ya ga kamar dole sai ya sayi ƙasar bahon kyanwa da ake sayarwa cikin leda a manyan kantuna. A Amurka ma rairai da toka ake zubawa har shekarar 1947, lokacin da wani mai suna Edward Lowe ya fara sayar da busasshen yumɓu don wannan aiki. Amfaninta shi ne tana tsotse ruwa da wari fiye da rairai, amma mai turare a cikinta kyanwoyi da yawa ba sa so, kuma irin wadda ke dunƙulewa tana kumbura ta toshe bututu idan an zuba ta a masai. Toka kuwa ban ba da shawararta ba, domin in ta jiƙe tana cin fatar tafin ƙafa.

Tun da ta riga ta saba da katifa da tulin kaya, sai an sake mata sabo. Ki ware mata ɗaki ƙarami na mako ɗaya ko biyu, baho a kusurwa ɗaya, abinci da ruwa a ɗaya kusurwar, babu tsumma ko shimfiɗa mai taushi a ƙasa, kina shiga kina wasa da ita. Ki ɗan saka ƙyallen da ta ɓata a cikin bahon don ta gane wurin. Idan ta dawo kan hanya sai a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, ɗakin kwana a rufe, darduma a rataye, wanki a ninke a ɗaga. In kuwa an yi duk wannan ba ta daina ba, ko kika ga ɗigo-ɗigo ko jini, ki kai ta a duba fitsarinta, kada ki tsaya jira.

Malam Haruna:
Assalamu alaikum. Tun da an ambaci salla, ya kamata a bambance abubuwa biyu da mutane kan cuɗa. Jikin kyanwa da yawunta da ragowar ruwan da ta sha masu tsarki ne. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa mazubin ruwan alwalarsa har ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Saboda haka takawarta a kan darduma ko kwanciyarta a kai ba ya ɓata komai. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya, domin tsarkin fitsari an keɓe shi ga dabbobin da ake cin namansu, kamar tumaki da shanu da raƙuma. Maigidanki ya yi daidai da ya katse sallarsa, kuma damuwarsa damuwa ce ta addini wadda bai kamata a raina ba.

Tsarkakewa da ruwa tsantsa ake yi. Sabulu da sauran abubuwan wanki suna taimakawa wajen fitar da ƙazantar, amma a ƙarshe sai an ɗauraye da ruwan da ba a gauraya shi da komai ba, har ya riƙa fita bai sauya ba. Idan an yi iyakar ƙoƙari launi ko ɗan wari ya ƙi fita, an yi rangwame a kansa. Katifar da ba ta wankuwa kuma, idan ta bushe aka shimfiɗa zane mai kauri mai tsarki a kai, ba ta ɓata tufar wanda ya kwanta.

Maganar buhu ita ce nake roƙon a yi hattara da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Dabbar da aka raina a hannu, aka kai ta inda ba ruwa ba inuwa, ga karnuka, ina jin tsoron kada alhakinta ya biyo mutum. In zama da ita ya gagara, a ba wa mai kanti ko mai sito da ke bukatarta. Ware ta a ɗaki da Dokta ya ce babu laifi a cikinsa, muddin ana ba ta ci da sha.

Malama Zeinabu:
Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru. Ni kimiyya nake koyarwa, kuma jabel ɗin da ƴar'uwa Hadiza ta ambata shi ya tsaya mini a rai. Idan fitsari ya kwana, ƙwayoyin cuta sukan mayar da wani sashe nasa ammoniya, wadda ita ce zarnin nan mai hawa ka. Idan aka zuba jabel a kan ammoniya, haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, musamman a makewayi ko ɗaki marar taga. Ga shi kuma warin jabel yana jan kyanwoyi da yawa, har za ki ga suna birgima a inda aka goge da shi. Abin da kika lura da shi gaskiya ne, kiranta kike yi.

Idan wurin yana jiƙe, a fara danna tsumma a tsotse, kada a goga, domin guga tana ƙara cusa fitsarin cikin soso. A zuba ruwan sanyi a sake tsotsewa. Ruwan zafi da dutsen guga suna kama tabon da warin su zauna daram. Daga nan a jiƙa wurin da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, a bar shi ya ɗan jima, a tsotse, a barbaɗa bikarbonat, in ya bushe a kakkaɓe. Wanda ya samu maganin wanki da aka yi musamman don fitsarin dabbobi, mai narkar da ƙazantar kanta, shi ya fi komai. Sai a ɗauraye da ruwa tsantsa kamar yadda Malam ya ce, a fitar da katifar rana ta yini tana gasuwa, ana juya ta. Hancin kyanwa ya ninka namu nesa ba kusa ba, wurin da muke ganin ya fita ita tana jin sa. Idan fitsarin ya ratsa soson har ƙasa, gara a yanke wannan gefen a cike da sabo.

Dokta Isuhu:
Ƙari a kan na Malama: kada a wanke baho ko ɗakin kyanwa da kirezil ko Dettol, kada kuma a zuba ƙwallayen kafur don a kore ta. Hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai, kuma duk abin da ta taka sai ta lashe shi daga ƙafarta.

Lawali:
Na karanta duka, kuma ina girmama ilmin kowa. Amma har yanzu akwai abin da ba a amsa mini ba. Ana cewa a ajiye bahon kashi har biyu a cikin gida, a kusa da ɗakin kwanan yara, alhali mun sha jin cewa kashin kyanwa yana zubar da ciki. Wace mace ce za a ɗora wa kwasar wannan safe da maraice, bayan girki da wanki da reno? Ni a ganina lafiyar mutum tana gaba da jin daɗin dabba.

Ramatu:
Malam Lawali, tambayarka tana kan hanya, kuma da yake ni ungozoma ce bari in amsa. Cutar da kake nufi ita ce toksoplasma, kuma gaskiya ne idan mace ta kamu da ita karon farko tana da juna biyu, tana iya jawo ɓari ko ta taɓa idon jariri da ƙwaƙwalwarsa. Sai dai a san yadda take yaɗuwa. A cikin kashi ƙwayayenta ke fita, ban da fitsari, kuma ba sa iya kama mutum sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Wannan na nufin bahon da ake kwashewa kullum ya fi aminci a kan kashin da aka ɓoye a bayan kabad ba wanda ya sani. Ita kyanwar ma na ƴan makonni kaɗan take fitar da ƙwayayen bayan ta kamu. Mutane da yawa ta hanyar naman da bai dahu ba, da salati da kayan lambun da ba a wanke da kyau ba, da ƙasar da ta gurɓata suke ɗauka.

Abin da muke gaya wa masu ciki shi ne su bar wa wani kwasar, kuma a nan ne maigida ko babban yaro ya kamata ya karɓi aikin, domin ba a rubuta cewa na mace ne ba. In babu mai yi, ta sa safar hannu ko leda, ta wanke hannu da sabulu. Kada a zubar da tsohon rairan a cikin lambu ko inda yara ke wasa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne tulin yashin gini da ake jibgewa a ƙofar gida ya yi watanni, kyanwoyin unguwa duka suna amfani da shi da dare, da safe yara su zauna a kai suna gina ɗaki suna kai hannu baki. Ta nan tsutsar ciki ke shiga. A rufe irin wannan yashi, a kuma riƙa ba kyanwar gida maganin tsutsa daga wurin likitan dabbobi.

Abdu:
Dokta, ku gafarce ni in shigo da tawa, domin bayaninku ya tayar mini da hankali. Muzuruna tun daren jiya yake shiga baho yana fita, yana yunƙuri yana kuka, ba abin da ke fitowa sai ɗigo, ɗazu ma a kan daɓe ya tsuguna. Ya ƙi abinci kuma ya yi amai. Na ɗauka cikinsa ne ya ɗaure, ina shirin ba shi rabin parasitamol.

Dokta Isuhu:
Abdu, kada ka ba shi parasitamol ko kaɗan, guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ka ajiye waya ka kai shi wurin likitan dabbobi yanzu. Alamun nan na toshewar hanyar fitsari ne, wadda ta fi samun maza saboda tasu siririya ce. Idan fitsari ya kasa fita, ƙoda takan tsaya, gubar ta taru a jini ta taɓa zuciya, kuma dabbar tana iya mutuwa cikin kwana 2 zuwa 3. Kada ka matsa masa ciki, mafitsarar tana iya fashewa.

Abdu:
Alhamdu lillahi, mun samu likita, ya yi masa allurar barci ya zura siririyar roba, fitsari mai jini ya fito da yawa. An riƙe shi ana ƙara masa ruwa. Allah ya biya ku, Dokta.

Dokta Isuhu:
Madalla, Allah ya ba shi lafiya. Idan ya dawo gida ka kula da ruwan shansa, domin abin yakan sake dawowa. Kyanwa ba mai yawan jin ƙishirwa ba ce, fitsarinta mai kauri ne, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a garin nan. Tana bukatar kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a yini, wato mai kilo 4 ta samu kamar kofi guda, har da ruwan da ke cikin abinci. Wanda ke ba da busasshen abincin leda zalla ya riƙa haɗawa da mai ruwa-ruwa, ya kuma ajiye kwanon ruwa a wurare dabam-dabam cikin inuwa, ana sabunta shi.

Hadiza Maman Nana:
Sannu Abdu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma an sayo manyan bahuna, kuma tun da na ware ta take shiga ba gardama. Da na sake ta ta koma gefen katifar nan sau ɗaya, saboda haka na kai katifar a yanke wurin. Maigida ya karanta bayanin Malam Haruna, ya ce a ci gaba a gani.

Mariyama:
Tawa matsalar irin ta biyun ce da Dokta ya kwatanta. Muzurunmu bai kai shekara ba, yana shiga bahonsa lafiya lau, amma yana bin labule da gefen firigo da tayar moton maigida yana fesawa, warin kuma ya fi na fitsarinsa na da ƙarfi sosai. An ce mini sai an yi masa fiɗiya, surukata kuma ta ce zalunci ne da sauya halittar Allah. Ga shi da dare wasu muzurai suna haurowa ta katanga suna faɗa da shi, da safe mu tarar da takalman ƙofa duk zarni.

Dokta Isuhu:
Mariyama, ya balaga ne, abin da kan fara tun daga wata 5 zuwa 6. Fitsarin muzurun da ba a fiɗiye ba yana ɗauke da wani sinadari mai yawa wanda shi ke ba da wannan wari, kuma da shi yake sanar da sauran maza cewa gidan nasa ne. Fiɗiya tana kawar da feshin ko ta rage shi ƙwarai a mafi yawansu, kodayake kimanin kashi 10 cikin 100 sukan ci gaba, musamman waɗanda suka daɗe suna yi. Aikin mintoci ne a hannun likita, da allurar barci. Dandaƙa irin ta gida ko ɗaurin roba kuwa azaba ce, kada a yarda a yi masa.

Malam Haruna:
Maganar surukarki tana da asali, domin akwai malaman da suka ƙi fiɗiyar dabbobi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta ta ga tumaki da awaki saboda amfanin da ke ciki, sun hana ta ga dawaki. Game da kyanwa, malamai da dama na wannan zamani sun yi izini idan don kawar da cuta ne kuma ba a azabtar da ita ba, wasu kuma sun ga barinta ya fi. Ni na fi karkata ga izinin a irin halin da kika faɗa, tun da najasa ce ke yaɗuwa a gida, kuma ƙarshen irin wannan muzuru in ba a yi ba shi ne kora ko duka. Ki zauna da ita cikin ladabi ki bayyana mata yadda likita ke yin aikin, kada ki yi a ɓoye.

Hajiya Salamatu:
Na waje kuma, ƴata, abinci ne ke kawo su. Ki daina barin kwanonsa da ƙashin kifi a tsakar gida bayan magariba, ki rufe kwandon shara, ki shigar da shi ɗaki ya kwana. Takalma a ɗaga su kan kanta, moto a lulluɓe shi da leda mai kauri, gindin katangar da suke fesawa kuma a wanke shi yadda Malama Zeinabu ta bayyana, domin muddin naki yana jin warinsu a gidansa sai ya mayar da martani. Ki kuma tambayi maƙwabta ko akwai mai kyanwa mace da ke neman barbara, don in akwai, sai kun haɗa kai da masu ita kafin dare ya yi muku shiru.